Abin da Littafin Ciniki Zai Iya Faɗa wa Ɗan Kasuwar Kebbi

Ranar 17 ga Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, kuma tun daga lokacin cinikin shinkafa a jihar nan ya canza kama. Ga manyan masana'antun casar shinkafa, Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injinan casa a garuruwa, ga mata masu gumi da ba su taɓa barin sana'arsu ba. Babbar masana'anta ba ta sayen shanshera da ido. Sikeli take ɗora ta, ta auna danshinta, ta duba ƙasa da tsakuwa, ta rubuta. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya taro mata kayan daga ƙauyukan fadama, da buhu ya saya. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ciji ƙwaya ɗaya, lissafin kuma yana kansa, ko a wani littafi da ba a sake buɗewa sai ranar rigima.

Ban raina ido ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma dattawan kasuwarmu sun gina gidaje sun je Makka da wannan sanin. Sai dai ido buhu ɗaya yake gani a lokaci guda, ba ya riƙe buhu dubu uku na shekara. Zuciya kuma tana tuna ranar babbar riba da ranar babbar asara, ta manta ranakun da ke tsakani, alhali su suka fi yawa kuma su ke ciyar da gida.

Dubi danshi kaɗai. Shanshera da aka yanka ba da daɗewa ba takan ɗauki ruwa sama da kashi 20 cikin ɗari na nauyinta, ita kuwa wadda za a ajiye ko a casa ana son ta sauka zuwa wajen kashi 14. Wanda ya sayi kilo 100 mai danshin kashi 22, in ta bushe ta kai 14, abin da zai rage masa bai cika kilo 91 ba. Kilo tara ruwa ya saya da kuɗin shinkafa. Wannan lissafi ne na ɗan sakandare, amma sai an auna an rubuta kafin a yi shi. Ilmin ƙididdiga daga nan yake farawa: a tara alƙaluma masu yawa, a taƙaita su yadda za su yi magana, sannan a san iyakar abin da za su iya faɗa.

Abu na farko da kowa ke nema shi ne matsakaici, wato a haɗa duka a raba da yawansu. Shi ne ya fi sauƙi, shi ne kuma ya fi yaudara. A ɗauka, don misali, mai shagon kayan masarufi ya rubuta cinikinsa na mako guda da dubban naira kamar haka: 40, 45, 38, 42, 50, 44, sai ranar kasuwa 210. Jimla 469, a raba bakwai, matsakaici ya ba da dubu 67 a rana. Amma a cikin kwanakin nan bakwai babu ranar da ya yi cinikin dubu 67. In ya ɗauki adashin kullum bisa wannan adadi, kwana shida a mako zai riƙa neman ciko. In aka jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki wanda ya faɗo a tsakiya, 44 ne, kuma shi ne ya fi kama da ranar da ya saba gani. A manhajojin lissafi na Excel ko Google Sheets, na farko ana samunsa da AVERAGE, na biyu da MEDIAN, ba ya wuce rubuta kalma ɗaya. Duk inda ka ga biyun sun yi nisa da juna, akwai wasu 'yan ranaku ko 'yan kwastomomi da suka rinjayi lissafin, kuma ya kamata a ware su a duba su daban.

Abin da na fi so mutanenmu su riƙe shi ne na biyu, domin a ganina nan kuɗi ya fi zubewa: yadda alƙaluma suka warwatse a kewayen matsakaicin. A ce mai injin casa yana saye daga dillalai biyu, ya gwada kaya biyar daga kowannensu ya ga kilo nawa na casasshiya ke fita daga kilo 100 na shanshera. Na farko ya ba da 62, 63, 64, 63, 63. Na biyu ya ba da 55, 70, 58, 69, 63. Matsakaicin kowannensu 63 ne cif. Wanda ya tsaya a nan zai ce duk ɗaya ne. Amma ma'aunin warwatsuwa, wanda manhaja ke fitarwa da STDEV, bai kai kilo ɗaya ba ga na farko, na biyu kuwa ya haura kilo shida da rabi. Da na farko za ka iya yi wa mai saye alkawarin tirela ranar Alhamis ka cika. Da na biyu, wata rana ka yi murna, wata rana ka sayo ciko da tsada don kada a ce ka saɓa. Kuma warwatsuwar nan tana nuni da wani abu: wataƙila yana gauraya iri, ko yana sayowa daga wurare mabambanta, ko wani kayan a jiƙe yake. Tambayar da za ka yi masa ta fito ke nan.

Wannan batu ya fi fitowa fili wajen cika buhu. Buhun da aka rubuta wa kilo 50, Musulmi na gari ba ya son ya gaza 50, don tauye mudu ba ƙaramin laifi ba ne. To amma ba injin da ke zuba daidai wa daida kowane lokaci. In ma'auni ya tafi yadda aka saba gani, kusan kashi 95 cikin ɗari na buhuna za su faɗo ne tsakanin ninki biyu na ma'aunin warwatsuwa, sama da ƙasa da matsakaici. In warwatsuwarka giram 400 ce, dole ka saita zubi a kilo 50.8 kafin ka samu natsuwa cewa buhu biyu ko uku kawai cikin ɗari za su gaza. In ka gyara sikeli, ka horar da yaran da ke ɗinki, warwatsuwar ta sauka zuwa giram 100, saitin 50.2 ya ishe ka. Bambancin giram 600 ne a kowane buhu. A buhu dubu, kilo 600 ke nan, buhu goma sha biyu da kake bayarwa kyauta ba tare da ka yi niyyar sadaka ba. Wani injiniya a Amurka mai suna Walter Shewhart ne ya fito da hanyar sa ido kan wannan a 1924, a harkar ƙera kayan tarho: a riƙa ɗiban 'yan kaɗan ana aunawa, ana ɗiga sakamakon a zane mai layin sama da na ƙasa, duk ɗigon da ya tsallake layi a tsayar da aiki a bincika. Sama da shekara ɗari ke nan, kuma yau waya mai Google Sheets za ta zana maka shi.

Ɗiban 'yan kaɗan ɗin nan shi ma yana da ƙa'ida. Ba mai kwance buhu ɗari shida na tirela ya duba ɗaya bayan ɗaya, sai dai a soka ƙarfe a ɗebi samfur. Amma wanne buhu ake sokawa? Na bakin mota, na sama, wanda hannu ya kai. Mai lodi ma ya san haka. Samfur ba ya wakiltar kaya sai in kowane buhu yana da damar faɗowa cikinsa daidai da ɗan'uwansa. Hanyar mai sauƙi ce: a ƙirga buhunan yayin saukewa, a sa RANDBETWEEN ta zaɓo lambobi ashirin ko talatin tun kafin a fara, duk buhun da lambarsa ta zo a ware shi ko da daga ƙasan mota ya fito. Haka abin yake in ra'ayin masu saye ake nema. In ka tambayi mutum ɗari da aka zaɓo ba da son rai ba, amsar za ta iya kauce wa gaskiya da kusan maki goma cikin ɗari, sama ko ƙasa. In kana so ka rage kuskuren zuwa maki biyar, mutum ɗari huɗu za ka tambaya, ba ɗari biyu ba. In kuwa abokanka na majalisa ka tambaya, ko dubu ne ba su gaya maka komai game da kasuwa ba.

Sai albasa. Duk wanda ya san Aliero ya san cacar da ke cikin ajiya, ko da yake ba haka ake kiranta ba: a saya da arha lokacin girbi, a zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a jira farashi ya tashi can wajen ƙarshen shekara. Kowa yana maganar farashin da za ta kai, kaɗan ne ke rubuta yawan da ya ruɓe ko ya tsiro ko ya motse. A ce mutum ya sayi buhu 100 a kan naira dubu 20 kowanne, ya kashe dubu 200 a kan ajiya da leburori, jarinsa ya zama miliyan biyu da dubu ɗari biyu. In buhu 20 suka lalace, sai ya sayar da kowane buhu a kan 27,500 kafin ya mayar da uwar kuɗi. In 30 ne, wajen 31,400. In shekarar ta zo da damshi aka rasa 45, sai dubu 40, ninki biyu na abin da ya saya, kuma har yanzu bai ci ko sisi ba. Wannan jadawali layi uku ne kacal. Abin da ba shi da sauƙi shi ne sanin wanne daga cikin ukun ya fi yawan faruwa a rudunka, kuma ba mai gaya maka sai rubutun shekara huɗu ko biyar na abin da ka zuba da abin da ka kwasa. Wanda ya fara rubutawa bana, shi zai iya amsa tambayar nan gaba.

Wasu kan ji ƙyamar hasashe, su ce gobe ta Allah ce. Haka ne, kuma ƙididdiga ba duba ba ce. Ba ta cewa ga abin da zai faru, cewa take ga abin da ya saba faruwa da kuma faɗin tazarar da yakan yi wasa a cikinta. Manomin da ya ce ruwa yakan sauka a wata kaza bai yi da'awar sanin gaibu ba.

Wajen kwatanta shekara da shekara akwai ramuka biyu da manhaja ba za ta gargaɗe ka a kansu ba, domin ba a Kebbi aka ƙera ta ba. Na farko kalanda. Cinikinmu da watan Musulunci yake tafiya, shi kuma yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2022 azumi ya kama a farkon Afrilu, a 2025 kuwa a farkon Maris. Mai sayar da sukari ko gero ko ƙanƙara da ya kwatanta Maris na 2022 da Maris na 2025 zai ɗauka kasuwarsa ta bunƙasa, alhali azumi ne ya yi ƙaura. Maganin shi ne a ƙara gurbi a jadawali inda za a rubuta ko ranar azumi ce, ko jajibirin sallah, ko ranar kasuwa, ko ƙarshen wata da albashi ya shigo, sannan a kwatanta azumi da azumi. Na biyu darajar naira. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kusan kowane littafin ciniki ya nuna kuɗi sun ƙaru, ko da kayan da aka sayar sun ragu. Don haka a rubuta adadin kaya kusa da kuɗinsu, buhu nawa, katan nawa, kilo nawa. Ko alƙaluman hukuma sai an karanta su da lura. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disamba 2024, sai ga 24.48 a Janairu 2025. Kaya ba su faɗi warwas cikin wata ɗaya ba. Shekarar da ake aunawa daga gare ta aka sauya, daga 2009 zuwa 2024, aka kuma sabunta kwandon kayan da ake bi. Wanda ya jera lambobin biyu a layi ɗaya ya zana, zanen zai nuna masa abin da bai faru ba.

Daga nan ake shiga neman alaƙa tsakanin abu biyu, inda manhaja ta fi burge mutane. CORREL za ta ba ka lamba tsakanin ɗaya da ɗaya a ƙasa da sifili, ta nuna ko abubuwan suna hawa tare ko ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Za kuma ka iya sa ta ja layi a tsakiyar ɗige-ɗigen, ta ce duk ƙarin naira ɗari a kan litar gas yana zuwa da ƙarin kaza a kuɗin casa. Wannan yana da amfani sosai wajen yanke farashi. Amma tafiya tare ba ita ce sanadi ba. Mai shagon atamfa da ya biya talla a rediyo mako biyu kafin sallah zai ga ciniki ya hau, maƙwabcinsa da bai biya ba shi ma nasa ya hau. In yana son sanin abin da tallar ta yi, sai ya gwada ta a watan da ba biki, ko a reshe ɗaya ya bar ɗayan. Kuma kafin a yarda da kowace lamba, a zana hoton alƙaluman a kalla. A 1973 wani masani, Francis Anscombe, ya haɗa rukuni huɗu na alƙaluma masu matsakaici ɗaya, alaƙa ɗaya, layi ɗaya, amma da aka zana su ba wanda ya yi kama da wani: ɗaya lanƙwasasshe ne, wani kuma ɗigo ɗaya tak ya janye layin gaba ɗaya.

Layin nan kuma bai san siyasa ba. Bai hango rufe iyakoki a Agusta 2019 ba, wanda ya taɓa garin Kamba na bakin iyaka kai tsaye ya kuma ɗaga darajar shinkafar gida. Bai hango ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin fadama ba, ko ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ko rufe layukan waya da kasuwannin mako a maƙwabciyarmu Zamfara a 2021. Duk inda irin wannan ya auku, tarihin ya karye biyu, kuma kuskure ne a haɗa gabanin da bayan a ja musu layi ɗaya.

Game da wace manhaja, ra'ayina a fili yake. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar abin da ya wuce Excel ko Google Sheets, kuma na biyun yana aiki a waya ko babu intanet in an saita shi. SPSS, wadda ta fito tun 1968 kuma IBM ta saye ta a 2009, ita ɗalibanmu suka fi sani, amma lasisinta yana da tsada. R kyauta ce, an fara ta a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, tana da ƙarfi ƙwarai amma sai an koyi rubuta mata umarni. Akwai jamovi, ita ma kyauta, an gina ta a kan R kuma da latsawa ake aiki da ita. Duk cikinsu matsakaici ɗaya za su ba ka. Kuma duk cikinsu ba wadda za ta ƙi karɓar shirme.

Shi ya sa mafi yawan aikin ba a gaban kwamfuta yake ba, a littafi yake. Kowane ciniki layinsa daban: kwanan wata, kaya, adadi, farashi, wa ya saya, hannu da hannu ne ko bashi. "Buhu" ba ma'auni ba ne, don na albasa daban, na shanshera daban, na wani gari ya fi na wani ciki, sai a auna a rubuta kilo ko sau ɗaya ne. In yau an rubuta "Alh. Wane", gobe "Alhaji Wane", jibi "Wane mai shinkafa", manhaja mutum uku za ta ƙirga, bashinsa ya rabu uku ya yi kamar ba yawa. Bayanin asusun banki ko na na'urar POS yana taimakawa, amma cinikin da bai bi ta cikinsu ba ba zai bayyana ba, kuma a ƙauye shi ne mafi yawa. Batun bashi kuwa ba sabon abu muka aro ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta shi. In an rubuta da kyau, PivotTable, wato abin taƙaita jadawali da ke cikin Excel, za ta jera maka cikin minti ɗaya wa ke riƙe da nawa, tun yaushe, kuma kashi nawa na jarinka ke kwance a hannun mutum biyar.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan ilmi suna nan kusa, amma ba a haɗu ba. Muna da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, kuma duk ɗalibin da ya karanta kasuwanci ko tattalin arziki ko noma ya ratsa darasin ƙididdiga. A faɗin ƙasar nan an saba ɗalibi ya raba takardar tambayoyi, a cika masa "na yarda" da "na yarda ƙwarai", ya zuba a SPSS ya jira lambar da ta gaza 0.05 don ya rubuta cewa akwai tasiri. Lambar nan ma'anarta ƙunƙuntacciya ce: da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, sa'a kaɗai ba za ta fito da bambanci mai wannan girman ba sai ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin. Ba ta ce bambancin ya kai a canza dillali saboda shi ba. Kuma wanda ya gwada abu ashirin da ba su da alaƙa, kada ya yi mamaki in ɗaya ya faɗo ƙasa da 0.05 haka kawai. Da ɗalibin nan zai zauna wata uku da ƙungiyar masu albasa yana auna abin da ya shiga rudu da abin da ya fita, da shi da su duk sun ƙaru.

Abin da zai hana shi ne amana. Ɗan kasuwa ba ya buɗe littafinsa ga baƙo, yana tsoron haraji, yana tsoron abokin gasa, yana kuma kare mutuncin waɗanda yake bi bashi, kuma yana da gaskiya. Ana iya kauce wa wannan: a maye sunaye da lambobi kafin littafin ya bar shago, mabuɗin lambobin ya zauna a hannun mai shi, shugabannin ƙungiya su shaida yarjejeniyar, sakamakon da za a nuna wa jama'a kuma ya zama na taron 'yan kasuwa talatin ko arba'in a haɗe, yadda ba mai iya gane na wane ne wannan.